Mota a fake, babur a titi: me ke faruwa da harkar mota a Katsina, kuma ina man fetur zai kai mu?

Magana biyu ce ke yawo a waya kwanan nan, kuma mutane na haɗe su wuri guda kamar abu ɗaya ne. Ta farko daga waje take zuwa, wai Turawa sun fara barin mota, matasansu ba su damu da lasin tuƙi ba, har ma an sa ranar da za a daina saida sabuwar mota mai shan fetur. Ta biyu kam ta nan gida ce ba sai an karanta ma kowa ba, ma'aikaci ya faka motarshi ya koma babur, wani ya kai tashi bakin titi an ɗora mata galan a kai alamar ta sayarwa ce. Sai ka ji a majalisa wani na cewa ai zamanin mota ne ya zo ƙarshe a duniya baki ɗaya, wani kuma ya ce mashi kai Malam je ka shataletalen Ƙofar Ƙaura da yamma ka ga cunkoso sannan ka dawo mu yi magana.

Kowannensu yana da abin kamawa. Amma abubuwan nan biyu tushensu ba ɗaya ba ne, kuma inda za su kai mutane ma ba ɗaya ba.

Wai me ake nufi da raguwar mallakar mota?

Abu uku ne ake cuɗawa. Akwai yawan motocin da ke ƙasa gaba ɗaya, masu tafiya da waɗanda ke kwance. Akwai yawan waɗanda ake saye sabbi ko na hannu a shekara. Sannan akwai yawan tafiyar da ake yi da su, wato kilomita nawa mota ke ci a wata. Ɗaya na iya sauka sauran biyun suna nan yadda suke. Mutumin da motarshi ke cikin gida an lulluɓe ta da tamfol, ba ya tada ta sai ranar Juma'a ko in za a kai iyali biki, a takarda har yanzu mai mota ne, amma a gidan mai an daina ganinshi.

Shi kuma dogaro da mai ba wai a ce mutane na son mota ba ne kawai. Shine a tsara rayuwa ta yadda ba ta yiwuwa sai da fetur, gida can, wurin aiki can, makarantar yara can wani gefen, asibiti can, kuma babu wata hanyar haɗa su sai injin da ke ƙona mai. In aka tambaya ko wannan tsarin zai ɗore, tambaya uku ce a dunƙule: man zai ci gaba da samuwa, aljihun mutane zai ci gaba da iya sayenshi, kuma iska da yanayi za su iya ɗaukar hayaƙin.

Abin da ke faruwa can waje

A Amurka, wani bincike na Jami'ar Michigan ya nuna cewa a 1983 wajen kashi 46 cikin 100 na yara 'yan shekara 16 suna da lasin tuƙi, zuwa 2014 abin ya sauko kusan kashi 25. Masana sufuri a Ingila da Amurka sun daɗe suna muhawara ko amfani da mota ya kai ƙololuwa, musamman da aka ga tafiyar da Amurkawa ke yi a mota ta tsaya cak wajejen 2007, duk da cewa daga baya ta sake hawa, wanda hakan ya sa wasu suka ce dama matsin tattalin arziƙin 2008 ne ba canjin ra'ayi ba. Dalilan da ake kawowa sanannu ne: tsadar inshora da wurin fakin, komawar matasa tsakiyar birane, sayayya da aiki ta intanet, motocin haya da ake kira ta waya. Landan ta fara cajin kuɗin shiga tsakiyar gari da mota tun 2003. Holan kuma tun rikicin man 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka rufe famfo, ta fara ranakun Lahadi ba mota, daga nan ta dage da gina hanyoyin keke har keke ya zama abin hawan minista da ɗalibi.

Sai dai a lura, Amurka da ake cewa tana rage mota ƙasa ce mai abin hawa sama da 800 ga kowane mutum 1,000. Najeriya kuwa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa na 2018 sun nuna motoci kusan miliyan 11.8 ne, wato wajen 60 ga mutum 1,000, kuma kaso mai yawa a ciki na haya ne. Su sun ƙoshi ne suke ture kwano. Wanda ya ɗauki azumin nafila da wanda tukunyar gidansu ba ta hau wuta ba duka ba su ci da rana ba, amma ba mai cewa halinsu ɗaya.

Abin da ya fi tabbata a can ba barin mota ba ne, canza mata abinci ne. Cinikin sabbin motoci masu ƙona mai a duniya ya kai ƙololuwa a 2017 bai sake komawa wurin ba. A 2024 an saida motocin lantarki sama da miliyan 17, fiye da ɗaya cikin biyar na duk sabbin motoci, a Chana kusan rabi, a Norway kusan 9 cikin 10. Tarayyar Turai ta amince a 2023 cewa daga 2035 ba za a saida sabuwar mota mai fitar da hayaƙi ba, kodayake kamfanonin motoci da wasu gwamnatoci na ta matsa lamba a sassauta. Ko a Afirka, Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai a farkon 2024, ita dalilinta dalar sayen mai ce ta yi mata wuya alhali tana da wutar madatsun ruwa.

Yadda muka saba da mota

Mota ta shiga jinin ma'aikacin Najeriya ne a shekarun 1970. Kuɗin mai ya shigo, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya zo, gwamnati na ba ma'aikata bashin mota, kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, ga na manyan motoci a Kano. Malamin sakandare na iya fitar da 504 sabuwa fil a leda, kuma litar fetur ba ta kai kwabo 20 ba har ƙarshen shekarun. Matatar Kaduna ta fara aiki a 1980. Daga 1986 da aka shigo da tsarin gyaran tattalin arziƙi na SAP naira ta fara zubewa, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai kasuwar motocin hannu ta buɗe, 'yan Kwatano, waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwan ƙasar Benin a biyo da su ta Nijar su faɗo ta Maraɗi zuwa Jibiya ko ta Kwangwalam. Katsina da Daura sun ci moriyar wannan hanya sosai, dillalai, direbobin da ke jawo motocin, masu yin takardu, kanikawa.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba shine Katsina ta zama babban birnin jiha ne a 1987, ma'ana kusan duk faɗaɗar garin a zamanin mai mai arha aka yi ta. Tsohon gari cikin ganuwa da ƙafa aka tsara shi, daga gida zuwa masallaci zuwa kasuwa zuwa makarantar allo ba ka buƙatar ko keke. Amma sakatariya tana can hanyar Kano, Jami'ar Umaru Musa tana can hanyar Dutsinma, rukunin gidajen Barhim na hanyar Mani, mutane suka riƙa sayen filaye a Batagarawa da bayan ring road saboda sun fi arha, da lissafin cewa ai nisa ba komai ba ne in da mota. Lissafin daidai ne a lokacin da lita take naira 65 ko 87 ko 145. Gidajen nan an riga an gina su, ba za su taso su dawo kusa da ofis ba don mai ya yi tsada.

Sannan ga ɓangaren mutunci, wanda masu lissafin tattalin arziƙi ba sa sakawa a ma'auninsu. A nan in aka ce wane ya yi mota an ba da labarin matsayinshi ne, ana zuwa a yi mashi Allah ya sanya alheri, Allah ya tsare, ya kashe ƙaya. Shi ya sa da yawa ba za su saida ba ko da ba sa iya zuba mata mai, saboda saidawa sanarwa ce.

Lissafin da ya canza daga 2023

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwa cewa tallafin mai ya tafi. Cikin kwanaki lita ta tashi daga wajen naira 185 zuwa sama da 500, a Yuli ta kai 617, a Satumban 2024 ta haura 850, a Oktoba ta wuce 1,000. A 2025 ta ɗan sauko bayan matatar Ɗangote ta fara saida fetur, ta yi ta yawo a shekarar tsakanin 800 da wani abu zuwa 900 da wani abu, mu nan arewa kullum da ɗan ƙari saboda kuɗin dakon tanka tun daga Legas. Ba wannan ne karon farko da aka taɓa farashin ba, Jonathan ya gwada a Janairun 2012 daga 65 zuwa 141 zanga-zanga ta sa aka dawo 97, Buhari ya kai shi 145 a 2016, amma wannan karon ninkawa ya yi har sau biyar cikin shekara ɗaya da rabi.

Hanya mafi sauƙi ta gane abin ita ce a auna albashi da lita. Mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 a farashin 185 yana sayen lita 162. Na 70,000 da aka sa ma hannu a Yulin 2024, in lita na 900, lita 78 yake saye, bai kai rabi ba. Tankin Corolla mai cin lita 50 da ana cika shi da 9,250, a farashin 900 sai 45,000. A ɗauki misalin ma'aikacin da ke ƙona lita 3 a rana wurin kai yara makaranta, ya wuce ofis, ya dawo ya kwaso su, a kwana 22 na aiki lita 66 kenan, kusan naira 60,000, ba a yi maganar juyen baƙin mai ba, ba taya, ba batir, ba a je Daura ko Funtuwa gaida iyaye ba.

Amma fetur rabin labarin ne. A Yunin 2023 babban banki ya saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Motar hannu da dala ake sayo ta, kuɗin jirgi da dala, kwastan ma da canjin ranar suke lissafin kuɗin fito. Motar dala 5,000 da take naira miliyan 2.3 ta koma miliyan 7.5 tun kafin ta taka ƙasa. Kayan gyara haka, taya haka, baƙin mai haka. Inshorar dole ta ƙananan motoci ma ta tashi daga 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023. Tun kafin nan kuma hanyar Kwatano ta riga ta toshe a hukumance, an haramta shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, an rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024.

Abin da hakan ya haifar a kasuwa shine motocin da aka riga aka hau a nan gida su ne ke ta zagayawa daga hannu zuwa hannu, kuma farashinsu ya hau maimakon ya sauka. Mutum ya sayi mota shekara biyar da suka wuce, ya more ta, yau a taya ta fiye da yadda ya saya, sai ya ga kamar riba ce, sai ya je neman wata ya tarar kuɗin ko rabinta ba su kai ba. Wanda ya fita daga layin masu mota yanzu da wuya ya dawo, wanda bai shiga ba kuma ƙofar ta yi mashi nisa.

Hukumar da ke kula da rarraba mai ta ce shan fetur na ƙasa ya sauko daga wajen lita miliyan 65 a rana zuwa ƙasa da miliyan 50 bayan cire tallafin. A nan sai an yi hattara, don ba duka ne motocin da aka faka ba. Duk ɗan Jibiya ko Mai'aduwa ya san inda wani kaso na man ke bi a da, cikin jarkoki a bayan babura da tsofaffin motocin da aka faɗaɗa ma tanki zuwa Nijar, abin da ya sa a 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga boda. Da ribar fasa-ƙwaurin ta ragu sai alƙaluman suka faɗi, ita ma Nijar ɗin ta shiga ƙarancin mai a farkon 2025 duk da matatarta ta Damagaram.

To ina masu motar suka koma?

Ba su koma jirgin ƙasa ko bas ɗin gwamnati mai zagaya unguwanni ba, don babu su a cikin gari. Sun sauko mataki ɗaya ne kawai. Mai mota ya koma babur, mai babur ya fara haɗawa da ƙafa, mai hawa Napep shata ya koma a haɗa shi da mutum uku. Ka tsaya gidan mai da safe ka ga yadda ake sayen man, ba mai cewa a cika, na dubu biyu, na dubu uku, mai mota ya leƙo ta gilas ya ce sa min na biyar, allurar ko motsi ba ta yi ba ya ja ya tafi, AC kuwa an kashe ta ko a watan Afrilu da rana ke dukan kwalta. Gefe ga layin babura ya fi na motoci tsawo sau uku.

A gareji ma ana ganin abin. Bakanike zai ce Alhaji shokin nan ya mutu sai an canza, Alhaji ya ce a lallaɓa shi dai zuwa ƙarshen wata. Ana ɗaure abu da waya, ana sayen taya ta hannu wadda shekarunta suka wuce, juyen da ake yi duk wata biyu ya koma sai baƙin man ya zama kamar kwalli. Motoci ba su ragu a titi sosai ba amma sun tsufa, kuma tsohuwar mota ta fi shan mai ta fi hayaƙi ta fi hatsari.

Wannan shine babban bambancinmu da can. Babur Boxer fetur yake sha, Napep fetur, injin ban ruwa a fadamar Ajiwa fetur, janareton mai aski da mai walda fetur, Golf da Sharon ɗin da ke jigila tsakanin Katsina da Kano fetur, tirelar da ke kawo kaya kuma gas ɗin dizal. Raguwar hawa mota a nan ba ta rage dogaro da mai ba, ta dai sauke shi daga taya huɗu zuwa biyu da uku.

Ra'ayoyin da ke karo da juna

Gwamnati da Bankin Duniya da masu ra'ayinsu suna cewa tallafin dama ba talaka ke cin moriyarshi ba. A 2022 kaɗai ya ci sama da naira tiriliyan 4, kuma wanda ke da motoci uku ya fi wanda ba ya da ko keke kwasar rabo, sai kuma masu fasa-ƙwauri. Sun ce mai mai arha ya sa mutane tsara rayuwa a kan farashin ƙarya, yanzu jihohi na samun kaso mafi yawa daga asusun tarayya, sai a tambayi gwamnoni abin da suka yi da shi. A lissafi hujjar tana da ƙarfi.

Ƙungiyoyin ƙwadago da masu sukar matakin su kuma suna cewa lissafin ya manta da cewa talakan da ba ya da mota shi ma a mota buhun masararshi ke zuwa, don haka in mai ya hau komai ya hau, kuma hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamban 2024. Maganarsu ita ce an fara da rushe tsohon tsari kafin a gina sabo, da an fara samar da bas da gas da wuta da zafin bai kai haka ba. Ita ma wannan hujjar tana da ƙarfi, kuma ba ta ƙaryata ta farko ba, saɓanin a kan me ya kamata ya riga wani ne.

Masu kula da muhalli suna kallon wani gefen. Sufurin kan titi na cin kusan rabin man da duniya ke ƙonawa, kuma mu da ke bakin hamada, Baure da Zango da Mai'aduwa da Kaita, muna cikin waɗanda canjin yanayi ke fara taɓawa. Najeriya ta yi alƙawari a taron Glasgow na 2021 cewa zuwa 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake zuƙewa daga iska ba. Masu mayar masu da martani suna cewa Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ya kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, don haka bai kamata a ce ma malamin firamare a Mashi ya haƙura da burin mota don gyara ɓarnar da wasu suka yi shekara ɗari ba. Inda suka haɗu shine batun tsofaffin motoci, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma, kuma da yawansu ba za su ci gwajin hayaƙi a inda suka fito ba.

Man zai ƙare ne?

Ba nan kusa ba. Najeriya na da ɗanyen mai da aka tabbatar wajen ganga biliyan 37, ga iskar gas mai ɗimbin yawa. Muhawarar yanzu ba ta ƙarewar mai ba ce, ta raguwar masu saye ce. Hukumar makamashi ta duniya ta yi hasashe a 2023 cewa buƙatar mai za ta kai ƙololuwa kafin 2030, ƙungiyar ƙasashe masu arziƙin mai ta OPEC ta ce sam, za ta ci gaba da hawa har wajen 2050. Kowa da inda bakinshi ya karkata.

Abin da ya shafe mu shine Najeriya na tsaye a gefe biyu na cinikin, tana saida ɗanyen mai ta sami mafi yawan dalarta, da dalar kuma ake shigo da motoci da kayan gyaransu. In duniya ta rage sayen mai farashi ya faɗi, lita na iya yin sauƙi a gidan mai amma dala ta yi ƙaranci, naira ta ƙara zubewa, motar kanta ta ƙara tsada, kason jihohi ya ragu, albashi ya yi wuya. In farashi ya hau kuwa gwamnati ta sami kuɗi amma lita ta hau tunda ba tallafi. Ta kowane gefe mai ƙaramin albashi bai tsira ba. Kuma tunda kasuwarmu ta motocin da wasu suka gama da su ce, abin da Turai da Chana ke saye sabo yau shine zai iso mana nan da shekara 10 zuwa 15. Da farko ana iya samun ambaliyar masu shan fetur da suke neman rabuwa da su, daga baya kuma masu batir su fara zuwa da batirin da ya riga ya gaji.

Gas, caji, da jirgin ƙasa

Gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin maida motoci su yi amfani da iskar gas ta CNG a 2023, kuma gas ɗin ya fi fetur arha nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce kuɗin juya injin yana da yawa ga mai mota ɗaya, tukunyar na cinye but, kuma gas ɗin daga kudu yake. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka fara a 2020 shine zai kawo shi kusa, Kano ce ƙarshenshi, daga nan sai dai a ɗauko a mota. Direban da ke Katsina zuwa Kano kullum shi abin zai fara yi ma amfani, ba mai zuwa ofis ba, don shi ne ke ƙona man da zai maida kuɗin juyin cikin 'yan watanni.

Motar lantarki kuwa sai da wuta. Wanda ya tuna Oktoban 2024 da arewa ta kwashe sama da mako cikin duhu bayan lalata layin wuta ba zai yi saurin jingina zirga-zirgarshi da soket ba, injinan iska na Lambar Rimi masu megawat 10 ma kowa ya san shekarun da suka ɗauka. Amma ƙaramin abin hawa labarinshi daban. Babur mai caji da Napep mai caji batirinsu ƙarami ne, sola na iya cika shi, rana kuwa ba ma rasa ta, kuma babura masu caji sun riga sun fara bayyana a titunan gari musamman hannun ɗalibai da ma'aikata. Cikas ɗinsu kuɗin saye a dunƙule, ingancin batir a zafin nan namu, da ƙarancin masu gyara. In akwai inda canji daga fetur zai fara kama ƙasa a Katsina to ta nan ne, ba ta manyan motoci ba.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284 da aka aza harsashinshi a Fabrairun 2021 zai bi ta Kazaure, Daura, Mashi, Katsina da Jibiya. In ya fara aiki zai rage ma titi kaya da fasinjan dogon zango, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Daura da ake sa ran za ta samar da ma'aikatanshi. Sai dai jirgi ba zai kai yaro makaranta daga Barhim ba. Giɓin da ya rage shine bas na cikin gari mai lokaci da farashi sananne, hukumar sufurin jiha ta KTSTA ƙarfinta ya fi a tafiye-tafiye tsakanin garuruwa, kuma tsarin bas a ko'ina a duniya da wuya ya riƙe kanshi ba tallafi, wanda ke nufin muhawarar tallafi za ta dawo ta wata ƙofa.

Wa abin zai fi taɓawa?

Ba masu motar kaɗai ba. A unguwanninmu motar mutum ɗaya ta layi ce gaba ɗaya, ita ce ke kai mai naƙuda asibiti ƙarfe biyun dare, ita ke kai amarya, ita ke kai mutane jana'iza ƙauye. Da, maƙwabci zai buga ƙofa ya ce Malam a taimaka, a tada mota ba wata magana. Yanzu sai a tarar tankin ba komai, sai an nemi ɗan bumburutu cikin dare, shi ma mai roƙon ya san sai ya haɗa da kuɗin mai, kunya ta sa wasu ba sa bugawa. Mata da tsofaffi da marasa lafiya su ne babur bai yi ma daidai ba, kuma magidancin da ya koma babur ya ɗora yara huɗu, biyu a tanki biyu a baya, hatsarin da ya ɗauka ba a ganinshi a lissafin mai. Ziyarar 'yan'uwa ta ragu, dama matsalar tsaro ta riga ta rage bin wasu hanyoyin yamma da kudancin jihar, tsadar mai ta zo ta ƙarasa.

Kuɗin haya da na fili ma za su bi sawu. In zirga-zirga ta yi tsada gidan da ke kusa da kasuwa da ofis da makaranta darajarshi na ƙaruwa, filin bayan gari da aka saya da arha kuma kuɗinshi na gaskiya sai an haɗa da man da za a ƙona shekara ashirin ana zuwa ana dawowa. Iyaye sun fara zaɓar makaranta da kusanci ba da suna ba, wasu na haɗa yaran gida uku a Napep ɗaya a biya a wata.

Masu sana'ar mota kuma abin ya rabu. Dillalin manyan motoci masu silinda shida kasuwarshi ta yi sanyi sai ga masu hali, ƙananan da ba sa shan mai su ake rububi. Mai faci da mai gyaran babur aiki ya ƙaru masu. Yaron da aka kai gareji yau yana ɗan shekara 14 zai yi aiki har wajen 2070, kuma abin da ake koya mashi kabireta ce da filogi, alhali ogan nashi ko motocin da ke hannu yanzu masu kwamfuta sai ya kira mai na'ura ya duba mashi, wanda ya iya rewaya da haɗa sola da gyaran batir shi kuma tun yanzu ana bin shi har gida da aiki.